Zauren Teloli: Amsoshin Tambayoyinku a Kan Zaɓen Allurar Keken Ɗinki

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka taru a wannan watan sun fito daga garuruwa daban-daban, amma da na zauna na karanta su ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar kusan dukkansu kuka ɗaya suke yi: keke yana tsallake, zare yana tsinkewa, yadi yana tattarewa a bakin ɗinki. Mafi yawan masu tambayar sun riga sun ɗora laifin a kan keken, wasu har sun kashe kuɗi wurin mai gyara, wasu kuma suna shawarar sayar da shi. Abin da shekarun da na yi a kan keke suka koya mini shi ne a fara duba allura kafin a taɓa kowane noti, domin ita kaɗai ce a jikin keken take ratsa yadi kuma take ɗauke da zare a lokaci guda, sannan ita ce mafi arha a cikin duk abin da za a iya canzawa. Saboda haka na ware wasiƙun da suka shafe ta, na taƙaita su, na amsa a nan.

Tambaya: Ina ɗinka hijabai a gida da baƙin keken Butterfly na takawa da ƙafa, wanda na gada daga mahaifiyata. Idan atamfa ce ko yadin makaranta, ɗinki yana fita lafiya lau, amma da zarar na sa yadin hijabi mai roba, wanda ake kira jesi, sai keken ya riƙa tsallake, ya yi ɗinki uku ya bar biyu. Sau biyu ina kiran mai gyara, yana gwadawa a ƙyallen atamfa ya ce keke ba shi da matsala. Shin tsufa ya yi? Daga wata matar aure a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, kekenki bai tsufa ba, kuma mai gyaran bai yi miki ƙarya ba, sai dai ya gwada shi ne a kan yadin da ba shi kike kuka da shi ba. Domin ki fahimci abin da ke faruwa, sai na ɗan bayyana miki yadda keke yake ƙulla ɗinki. Idan allura ta nutsa har ƙasa ta fara dawowa sama, yadin yana ɗan riƙe zaren da ke jikinta, sai zaren ya saki ya yi wani ɗan madauki a gefen kafar allurar. A daidai wannan lokacin ne tsinin ƙugiyar ƙoshiya yake giftawa ya cafke madaukin, ya zagaya da shi ta bayan kwarkwaro, zaren sama da na ƙasa su sarƙe. Idan kika ɗaga allura kika dube ta a haske, za ki ga ɗan kwarmi a saman kafar a gefe ɗaya, an yi shi ne domin ƙugiyar ta sami wurin wucewa kusa da allura ba tare da ta buge ta ba. Tazarar da ke tsakanin su biyun ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, don haka kaɗan abu zai kauce, ƙugiya ta wuce hannu wofi. Wannan shi ne tsallake.

To, atamfa yadi ne da aka saƙa da zaren tsaye da na kwance, tana tsayawa cik a kan faranti, wato ƙarfen da allura take nutsawa ta raminsa, idan allura tana fita. Jesi kuwa sarƙa ce ta ƙananan madaukai, kamar hular sanyi, kuma yana talewa. Allura mai kaifin tsini tana cakar zarensa ta maƙale, idan za ta fito sai yadin ya biyo ta sama, madaukin da ƙugiya take jira ya kasa samuwa. Akwai kuma ɓarna ta biyu wadda ba a ganinta a ranar: tsinin yana yanka zaren yadin, bayan wanki biyu ko uku sai ƙananan huji su bayyana a bin layin ɗinkin, mai hijabi ta ɗauka yadin ne marar kyau.

Maganin wannan shi ne allura mai mulmulallen baki, wadda maimakon ta huda zare sai ta ture shi gefe ta wuce ta tsakani. Iri biyu za ki nema a wurin masu kayan keke. Ta farko a jikin kwalinta an rubuta Jersey, ko haruffan SUK, ita ce ta yadin jesi na auduga wanda talewarsa ba ta da yawa. Ta biyu an rubuta Stretch, ko H-S, kuma ita nake ba ki shawara ki fara saya, domin yawancin yadin hijabin da ke kasuwa yanzu akwai roba sosai a cikinsa, ita kuwa wannan allurar an gyara kafarta da kwarminta musamman don hana tsallake. Lamba 75/11 ta isa ga marar nauyi, 90/14 ga mai kauri. Idan ta kamfanin Singer kika samu, lambar 2045 ce ta yadi mai talewa, 2020 kuwa ta atamfa da makamantanta.

Kafin allurar ta zo hannunki, akwai dabarar da za ta fitar da ke kunyar masu kaya: ki shimfiɗa siririyar takarda a ƙarƙashin yadin ki ɗinka tare, bayan kin gama ki yage ta a hankali. Takardar tana hana yadin bin allura. Amma wannan na wucin gadi ne, kuma takarda tana dakusar da tsini da wuri. Ki yi amfani da zaren roba, wato poliyesta, maimakon na auduga, kuma kada ki ja yadin daga baya. Idan kin sa sabuwar allurar daidai, kin tabbata ta kai ƙarshen maƙalinta a sama, amma har yanzu yana tsallake a kan jesi, a nan ne za ki sake kiran mai gyara, ki miƙa masa ƙyallen jesin da hannunki ki ce a kan wannan za a gwada.

Tambaya: Ni ɗan koyo ne, wata takwas ke nan da shigata shago. Maigidana lamba 14 yake sa wa kowane ɗinki, sai idan wandon jins ne ya sa 16 ko 18. Na ga a jikin kwalin ana rubuta 90/14 ko 100/16. Mene ne ma'anar lambobin biyu, kuma wacce ce ta gaskiya? Daga wani matashi a Maraɗi.

Amsa: Ɗana, na ji daɗin wannan tambayar, domin ɗan koyon da ke karanta kwalin allura zai yi nisa a sana'a in Allah ya yarda. Duka lambobin na gaskiya ne, kauri ɗaya suke faɗa da harshe biyu. Ta farko, babbar, lissafin ƙasashen Turai ce, wanda aka daidaita a shekarar 1942 domin a kawar da ruɗanin lambobi barkatai da kowane kamfani yake bugawa a da. Tana faɗin kaurin jikin allurar ne idan aka raba milimita gida ɗari, wato 90 tana nufin milimita 0.9, 100 kuma milimita ɗaya cif. Ta biyu, ƙaramar, tsohon lissafin Amurka ne wanda kekunan Singer suka yaɗa a duniya, shi ya sa har gobe telolinmu suke cewa a ba ni 14 ko 16. Ba awon komai take faɗa ba kai tsaye, jeri ne kawai. A duka biyun, idan lamba ta ƙaru kauri ya ƙaru. Ka lura wannan ya saɓa da allurar hannu, wadda ita idan lambarta ta yi sama siranta take yi.

Game da maigidanka, kada ka raina abin da yake yi. Lamba 14 ta zama ta kowa ne saboda ta dace da yawancin abin da ake kawowa shago: atamfa, yadin kaftani matsakaici, yadin makaranta, zanin gado. Wanda aikinsa bai wuce waɗannan ba zai iya shekara bai ji buƙatar wata ba. Matsalar tana fitowa ne a gefe biyu. Idan aka kawo shifon na mayafi, ko boyel marar nauyi, ko siliki, ko shafin ciki mai santsi, lamba 14 ta yi musu girma. Tana buɗa huji fiye da abin da zare zai cike, tana tura yadin cikin ramin faranti, ɗinki ya fito a tattare kamar an ja masa mazagi, kuma guga ba ta miƙar da shi. Waɗannan 65/9 ko 70/10 suke so, iyaka 75/11. A ɗaya gefen, kaki mai kauri da labule mai nauyi da jins suna lanƙwasa 14 kafin ta ratsa, lanƙwasar kuwa tana kautar da ita daga ƙugiya ko ta sa ta bugi faranti, a nan 100/16 ko 110/18 ake nema. Leshi kuwa sai an dube shi da ido, domin akwai na raga marar nauyi da 70/10 ko 80/12 za ta wadatar, akwai kuma mai kaurin aiki da duwatsu wanda sai an cire duwatsun da ke kan hanyar ɗinki tukuna, kowace allura aka sa.

Ƙa'idar da nake bi ita ce in sa mafi sirantar allurar da za ta ratsa yadin ba tare da ta lanƙwasa ba, kuma zaren ya wuce kafarta a sake. Ka sayi kwali ɗaya na 11 da ɗaya na 16 da kuɗinka, ka gwada a kan ƙyallayen da ake zubarwa, sannan ka nuna wa maigidanka sakamakon cikin ladabi.

Tambaya: Na tara kuɗi na sayi keken indastiriya mai lantarki. Allurar da nake da ita ta tsohon kekena ta ƙi shiga. Na sayo wadda aka ce tasa ce, na tarar gindinta a mulmule yake ko'ina. Tun da na sa ta zare yake tsinkewa, wani lokaci ma ba ya ɗauko zaren ƙasa sam. Daga wani tela a Jos.

Amsa: Malam, Allah ya sanya albarka a sabon keke. Kafin a yi maganar kauri ko tsini, akwai abin da keken da kansa yake zaɓa, ba tela ba, wato samfurin allura: tsawonta, kaurin gindinta da siffarsa. Kekunan gida, tun daga baƙin keke na takawa har zuwa na lantarki masu zigizag, kusan dukkansu samfuri ɗaya suke ci, wanda za ka ga an rubuta 130/705 H, ko HAx1, ko 15x1, duk abu ɗaya ne. Alamarsa ita ce gefe ɗaya na gindin a shafe yake, don haka ba ya zama sai ta fuskar da aka nufa. Keken indastiriya mai ɗinki miƙe, irin Juki DDL-8700 da ire-irensa na ƙasar Sin da suka cika shaguna, DBx1 yake ci, wadda wasu kamfanoni suke rubuta wa 16x231 ko 1738. Gindinta ya fi na allurar gida siranta, shi ya sa tsohuwar taka ta ƙi shiga. Akwai kekunan da aka yi don kaya masu nauyi, su kuma DPx5 suke ci, kuma ita ce ake sa wa yawancin kekunan zigizag na 20U. Masu ɗinkin kujeru da jakunkuna DPx17 ce tasu, wadda ta fi waɗancan tsawo. Keken wibin na indastiriya, mai kame bakin yadi, DCx27 yake so, keken aikin ado na kwamfuta kuwa DBxK5. Ka duba littafin da ya zo da kekenka, ko ɗan rubutun da ake liƙawa a jikin kansa, ka rubuta samfurin a bangon shago yadda duk yaron da ka aika kasuwa zai gani.

Yanzu ga ainihin matsalarka. Tun da gindin a mulmule yake, allurar za ta ɗauru ta kowace fuska, amma fuska ɗaya ce tak take ɗinki. Ka shafa ta da farcenka, za ka ji wani dogon tsagi da ya taso daga sama har zuwa kafa, a ɗaya gefen kuma ɗan kwarmin nan da na yi wa 'yar'uwarmu ta Zariya bayani. Dogon tsagin hanyar zare ce, a cikinsa yake kwanciya idan allura tana ratsa yadi don kada ya goge. A irin kekenka, tsagin yana kallon hagu, kwarmin yana kallon dama inda ƙugiya take, zare kuma daga hagu yake shiga ya fita dama. Idan ka juya ta, zaren ba shi da mafaka sai ya tsinke, ƙugiya kuma ba ta da wurin wucewa sai ta kasa ɗauko komai. Ko karkacewa kaɗan ta yi, za ka ga tsallake jefi-jefi. Dabarar da na saba ita ce in zura tsinin tsohuwar allura cikin kafar sabuwar, in juya ta da shi har ya miƙe daidai hagu da dama, in tura ta sama har ta tokare, sannan in ɗaure notin.

Wannan ƙa'idar ta tsagi ta shafi kowane keke: ta inda zare yake shiga kafa, nan tsagin yake kallo. A kekunan gida na zamani, shafaffen gefe yana kallon baya, zare ya shiga daga gaba. Bari in ƙara da gargaɗi ga masu baƙin keke da suke cusa masa allurar indastiriya don ita ce a kusa. Takan yi ɗinki, amma shafaffen gefen nan shi ne ke daidaita tazarar allura da ƙugiya, idan babu shi tazarar ta canza, kuma a hankali bakin ƙugiyar yake cinyewa.

Tambaya: Shadda ce mafi yawan aikina, musamman gab da salla. Kwanan nan ina jin keke yana wata ƙara, ɗas-ɗas, idan yana ratsa ta, kuma ina ganin farin layi a gefen ɗinki, a wasu wuraren zaren shaddar yana jawuwa. Allurar ba ta karye ba, wata biyu ke nan tana aiki. Daga wani tela a Fagge, Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, amsar tana cikin jimlarka ta ƙarshe. Mun taso da al'adar cewa ba a cire allura sai ta karye, kuma wannan al'adar ta lalata kayan mutane fiye da yadda muke tsammani. Allura tana mutuwa tun kafin ta karye. Kamfanonin da ke ƙera ta suna ba da shawarar a canza ta bayan kimanin awa 8 na ɗinki, kai kuwa a watan azumi kana iya cika wannan a dare ɗaya. Keken indastiriya irin Juki DDL-8700 da na ambata a sama yana iya yin ɗinki 5,500 a minti ɗaya idan aka take shi har ƙasa. Ko rabin haka kake gudu, ka lissafa sau nawa wannan tsinin ya ratsa yadi a wata biyu. Ƙarar da kake ji ita ce ta dakusasshen tsini yana naushin yadi maimakon ya huda shi.

Shadda ba ta yafe irin wannan. Auduga ce da aka saƙa a matse ƙwarai, aka danne fuskarta har ta yi ƙyalli da ƙarfi, irin Getzner da ake yi a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya da sauran masu bi mata. Duk inda allura ta shiga, hujin yana nan, ko an farke ɗinkin ba ya rufewa kamar na atamfa. Idan tsinin ya dakushe ko ya ɗan lanƙwasa kamar ƙugiyar kamun kifi, yana fasa wannan fuskar ya bar farin layin da kake gani, ya kuma kamo zare ɗaya ya ja shi. Na taɓa ganin wannan a kan aikina. Wata shekara ana saura kwana uku salla, na ɗinka wa wani dattijo babbar riga ta shadda mai duhun launi da allurar da ta kwana biyu a keke, ban lura ba sai da na ɗaga rigar a hasken safe na ga layin ya bi kafaɗa daga wuya har hannu. Babu gyaran da zai ɓoye shi. Dattijon ya karɓa bai ce komai ba, amma na san da wace zuciya ya tara kuɗin wannan shaddar, kuma tun daga ranar ba na ɗora shaddar mutum a keke sai da sabuwar allura. Kuɗin kwali guda bai kai na maɓallan rigar ba.

Ga shadda ka nemi mai kaifin tsini. A keken gida akwai wadda aka rubuta wa Microtex ko H-M, tsininta siriri ne mai kaifi, an yi ta don yadi mai matsattsiyar saƙa. A indastiriya DBx1 ta yau da kullum ta wadatar in dai sabuwa ce. Lamba 80/12 ko 90/14 ga jiki, ka koma 100/16 a wuya da bakin aljihu inda yadi ya ninku kuma aka sa gam. Gam ɗin yana narkewa ya manne a jikin allura idan ta yi zafi, ka riƙa goge ta da ƙyalle, ka kuma rage gudu a waɗannan wuraren, domin zafin allura yana iya narkar da zaren roba ya tsinke.

Gwaji biyu za su nuna maka halin allurarka. Ka ja tsinin a kan farcen babban yatsanka ta kowane gefe, ko ka soka ta a tsohon mayafin shifon, idan ta karce ko ta kama zare ta gama aiki. Sannan ka kwantar da ita a kan madubi ka mirgina ta, ko idan ta gida ce ka ɗora shafaffen gefen ka duba ko tazarar da ke ƙarƙashinta daidai take daga farko har ƙarshe. Lanƙwasasshiyar allura tana karce bakin ƙugiya da ramin faranti, su kuma su riƙa yanka zare ko da ka sa sabuwa daga baya, ka ga allura ta tono garma ke nan. Ka yi waɗannan gwaje-gwajen har ga sabon kwali, domin jabun allurai masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni suna yawo a kasuwa. Kamfanonin da aka sani da wannan sana'a sun haɗa da Schmetz da Groz-Beckert na Jamus da Organ na Japan. Ka sami mai shago ɗaya da ka yarda da amanarsa ka riƙe shi, idan kuma aka yi maka tayin kwali a farashin da ya yi ƙasa ƙwarai da na kowa, ka tuna araha ba ta ado.

Tambaya: Ina yin ado a wuyan riguna da zare mai ƙyalli irin na zinariya, amma yana warwarewa ya taru a bakin allura ya tsinke. Na sassauta zaren sama, bai daina ba. Daga wata mai ɗinki a Kumasi.

Amsa: Hajiya, kafar allurarki ce ta yi wa zaren kaɗan. Kowane ɗan yanki na zare yana kaiwa da komowa ta cikin kafa sau da yawa kafin ya kwanta a yadi, zare mai ƙyalli kuwa siririn abu ne aka naɗe a kan wani zaren, idan ya gogu sai naɗin ya saluɓe. Ki nemi allurar da aka rubuta wa Metallic, ko Topstitch, dukkansu kafarsu doguwa ce, idan ba ki samu ba ki sa ta aikin ado mai alamar H-E, ko ki ƙara lamba ɗaya a kan wadda kike amfani da ita. Ga yadda za ki gane ko zare da allura sun dace tun kafin ki ɗaura: ki yanko zare kamar kamu ɗaya, ki zura shi a allurar tana hannunki, ki riƙe bakin biyu ki karkata shi. Idan allurar ta zame da kanta ta gangara, sun dace. Idan ta tsaya sai kin girgiza, ta yi ƙanƙanta. Ki kuma rage gudun keke, wannan zaren ba ya son gaggawa.

Tambaya: Na fara ɗinka jakunkuna da fatar da nake sarowa, ina kuma karɓar gyaran wandunan jins. A rana sai in karya allura huɗu ko biyar. Daga wani ɗan'uwa a Sakkwato.

Amsa: Malam, fata ba saƙa ba ce, babu zaren da allura za ta ture ta wuce, dole sai an yanka. Allurar fata bakinta kamar ƙaramar wuƙa yake, a ta gida za ka ga an rubuta Leather ko LL, a ta indastiriya kuma LR ce aka fi samu. Ka sa 100/16 ko 110/18, ka tsawaita ɗinkin, domin idan hujin suka matsu da juna fatar za ta yage a bin layin kamar takardar rasit. Kada ka mayar da wannan allurar kan yadi, za ta yanka zarensa. Jins kuwa yana da tasa mai alamar Jeans ko H-J, wadda jikinta ya fi ƙarfi. Inda ake karya allura a wando shi ne mahaɗar ɗinki a ƙafa, inda yadi ya ninku sau da yawa. Ka bubbuga wurin da guduma ya kwanta, ka tokara ninkakken ƙyalle a bayan ƙarfen da ke danne yadi don ya daidaita, sannan ka juya wilin da hannu har ka wuce tudun. Yawancin karyewa daga jan kaya ta baya take zuwa, domin ja yana lanƙwasa allura ta sauka a kan faranti maimakon rami, ka bar haƙoran keke su yi tafiyar da kansu. Idan fatar mai kauri ce irin ta takalmi, gaskiya ita ce keken gida ba nata ba ne, sai ka nemi keken da aka yi don ita.

Duk lokacin da allura ta karye, ka tsaya ka haɗa gutsattsarin ka tabbata sun cika, ka buɗe faranti da wurin ƙoshiya ka duba, ka kuma lalube kayan da kake ɗinkawa, musamman idan na yara ne. Ka ajiye wata kwalba mai murfi a gefen keke don zuba matattun allurai, kada a share su cikin ƙyallayen da yara suke tsinta a ƙofar shago.